Gwaggo, Karyar da Ba Ta Gudu

Ku da kuke ɗaukar hoton kwikwiyo a waya, kafin la'asar an zo an ɗauke shi, har kuna cewa sana'ar kare ba ta da wata wahala, ku matso ku zauna. Ba faɗa zan yi muku ba, ko da yake kun cancanci faɗan. Jiya da idona na ga ɗayanku ya ɗora wa wata tsohuwa mai sanda ɗan alsheshan, irin manyan karnukan gadin nan na waje, a cikin keke napep, yana ta zuba mata daɗin baki wai zai tsare mata gida. Zai tsare kam. Kafin damina ta zagayo zai fizge ta da sarƙa ya kayar a tsakar gida, ƙugu ya karye, 'ya'yanta su taso daga Yola su miƙa karen ga masu cinsa. Kai kuma da ka sayar, ka sauya layin waya ka huta. Na san ko wane ne a cikinku, ba sai ka sunkuyar da kai ba.

Aikin farko da maigidana Baba Tumba ya sa ni shi ne cire kaska. A shekarar da aka raba Gongola aka ba mu Adamawa na je wurinsa, ina saurayi, ina ganin cikin mako guda zan iya komai. Ya miƙo mini hantsaki da gwangwanin kananzir, ya nuna mini wata karya da ke kwance a gindin mangwaro, ya ce in bi ta daga kunne har tsakanin yatsu. Na yini ina yi. Karyar nan ko motsi ba ta yi ba, sai dai in na ɗaga ƙafarta ta saki dogon numfashi, kamar ni ne nake ba ta wahala. Da yamma na ce masa, Baba, wannan karyar ba ta da lafiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce lafiyarta ƙalau, ita ce ma dukiyar gidan gaba ɗaya.

Baba Tumba mutumin Michika ne. Da ƙuruciya ya yi aikin lambu a gidan wani likita Bature, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa wani kare mai gajerun ƙafafu, dogon jiki, kunnuwa har ƙasa, idanu kuwa jajur a lanƙwashe kamar an yi masa rasuwa. Baset ake ce wa irinsu. Kare ne mai haƙuri, amma ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Da damina kunnuwan su ruɓe, ƙuda su bi su, da bazara kuma ya kwanta yana haki har ka tausaya masa. Sai Baba Tumba ya riƙa haɗa shi da karnukan gida, a kowace haihuwa yana ware wanda ya fi sanyin hali, yana sake haɗawa. Rayuwarsa duka a kan wannan ta ƙare. Abin da ya fito shi ne kare mai jure zafin Mubi, mai cin tuwo da dusa kamar kowa, kunnensa bai kai ƙasa ba, amma zuciyarsa a kwance take. Mu muna ce musu karnukan zama. Mutanen gari kuwa malalatan Tumba suke cewa.

Kada ku ce ai akwai irin waje masu sanyi, a sayo kawai. Na riƙe su duka, na san halinsu. Buldok ba ya son yawo, gaskiya ne, amma hancinsa a murƙushe yake, zafin watan Maris kaɗai ya isa ya kashe shi. Wani ɗan kasuwa ya taɓa sayo ɗaya daga Legas, muka riƙa jiƙa masa buhu muna lulluɓa masa, duk da haka bai ga damina ba. Lasa, ɗan ƙaramin nan mai gashi, yana zama a ɗaki lafiya lau, amma bakinsa ba ya rufuwa, kuma gashin kullum sai an taje, tsohon da yatsunsa suka sandare ina zai iya? Mastif kuwa zai kwana ya yini a kwance, sai dai abincinsa ya kai na magidanci da iyalinsa, kuma ranar da ya ga akuya ya yunƙura sau ɗaya, wanda ke riƙe da sarƙar sai asibiti. Tsoho ba ƙaramin kare yake bukata ba, ba kuma babba ba. Wanda ba zai sa shi tashi ba shiri yake bukata.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai hantsaki, akwai man kaɗanya na shafa wa bakin kunne saboda ƙuda, akwai maganin tsutsa, allurar haukan kare kuwa asibitin dabbobi muke kai su a yi musu. Amma manyan kayan uku ne: murfin tukunya, kujerar tsugunno, da baro. Baron na ɗauko ƙashi ne daga kwata da kan busasshen kifi daga kasuwa, da shi kuma muke kai kare marar lafiya asibiti, don karen zama in ka ce ya taka zuwa can, sai dai ku kwana a hanya. Ga shi can jingine da katanga, shi ne dai na Baba Tumba, taya kawai na sauya masa.

Murfin tukunya na gwada 'yan kwikwiyo ne. In sun buɗe ido sun fara tafiya sosai, sai a bari su ƙoshi su kwanta, ka tsaya a bayansu ka saki murfin a kan siminti. Wasu za su watse suna kuka, waɗannan matsorata ne, kuma matsoracin kare shi ne mai cizo in ya girma. Wasu za su taso wa murfin da haushi, waɗannan na mafarauta ne da masu gadi. Can za ka ga ɗaya ya ɗaga kai, ya dubi murfin, ya dube ka, ya mayar da kai ya ci gaba da barcinsa. Shi ake nema. Amma a nan ne masu gaggawa irinku suke faɗawa rami, don kurman kwikwiyo ma ba ya motsi, mai tsutsa a ciki ma ba ya motsi. Sai ka buɗe bakinsa ka duba dasashi, in fari ne fat, ciwo ne ba hali ba. Sai ka koma bayan ɗaki ka kankare kwano da cokali, in ya taso a hankali ya zo, kunnensa na ji. Na taɓa ganin haihuwa bayan haihuwa ba a samu ko ɗaya ba.

Kujerar kuwa ta gwada mai saye ce. Baba Tumba ba ya ba mutum kare a ranar da ya zo. Sai ya ce gobe zai kawo gaisuwa gida. Mu je da kujerar nan a hannuna, ya ce wa maigidan ya zauna a kai, wai shi ya fi son tabarma. A yi ta hira, a taɓo farashin masara, a taɓo ruwan bana. In an gama sai ya miƙe ya yi sallama, dole maigida ya tashi ya raka shi, to a nan idonsa yake. Wanda ya tashi tsam ba dafa komai, a ba shi duk karen da ransa ke so. Wanda ya dafa gwiwa ɗaya, a ba shi matsakaici. Wanda ya dafa gwiwa biyu ya ce wash, wannan namu ne, ko ya yi rantsuwa cewa shi har yanzu yana zuwa gona da ƙafa. Baba Tumba ya ce bakin tsoho yana ƙarya a kan ƙarfinsa, musamman in matarsa na kusa, don haka kada in saurari bakin, in kalli gwiwar.

Akwai wata ƙa'ida tasa da na riƙe bayan ya rasu ya bar mini gidan. Namiji kaɗai muke bayarwa, shi ma sai an fiɗiye shi, don kada lokacin barbara ya tsallake katanga ya bar tsoho yana bin unguwa da sanda. Mata kuwa ba sa fita, a gida suke, su ne jinin. Ku riƙe wannan, za ku ga inda ya kai ni.

Masu sayenmu ba masu hayaniya ba ne. Akwai wani Alhaji mai lambu a bakin mayo, wato rafi, shi bukatarsa kare da zai kwana a lambun, amma in ya zo da farar riga ba zai dako masa tsalle ba, ba zai lashe shi ya ɓata masa tsarki ba. Na kai masa ɗaya, ya zauna da shi shekaru, ko gefen rigarsa bai taɓa taɓawa ba, daga nesa yake kaɗa masa wutsiya. Akwai gwauraye mata da 'ya'yansu suka watse, akwai masu ciwon suga, akwai wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama. 'Yan gari su yi ta tsokanata, wai Yakubu kare da ba ya haushi me amfaninsa, gara a sayi turmi a ajiye a ƙofa. Yana haushi mana. Sau ɗaya yake yi, da murya mai kauri, in baƙo ya taɓa ƙyaure, daga nan ya bar wa maigida sauran. Kuma yawancin tsofaffin nan ba ɓarawo suke tsoro ba. Abin da suke so, su farka su ji wani abu yana numfashi a gidan ban da su.

Baba Ishaya tela yana cikinsu. Keken ɗinki ya cinye masa gwiwoyi, matarsa ta rasu, 'ya'yansa ɗaya na Yola ɗaya na Jos. Ranar da na kai masa kujera, ya zauna ya dube ni ya ce ya san wayon, maigidana ya yi wa yayansa, in dai tashi nake so in gani to in ba shi hannu kawai mu rage wa juna aiki. Mutum ne mai barkwanci. Na ba shi wani jan kare da ya sa wa suna Hakimi, wai don ba ya tashi wa kowa. Kullum in ka bi ta ƙofar shagonsa za ka gan su, shi yana ɗinkin hannu, Hakimi ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa. Tare suka tsufa. A daminar mummunar shekarar nan da muka gudu daga gari Hakimi ya kwanta bai tashi ba, ni na je na haƙa ramin a bayan shagon, don Baba ba zai iya riƙe fartanya ba.

Lokacin sana'ar ta riga ta fara mutuwa. Tun da aka fara jin abin da ke faruwa a Borno, aka fara harbe-harbe a cikin garinmu, kowa ya koma neman kare mai cizo. Mutum zai zo ya ce a ba shi wanda zai yaga mutum. Ni ma don in ci abinci na fara ajiye alsheshan da 'yan gadi. Ga kuma ciwon gudawar jini da ya shigo gidan ya share mini matan jinin Tumba, ya bar mini ɗaya tak. Sunanta Gwaggo, matata ce ta sa mata, wai tana zama kamar gwaggon da ta zo biki ta ƙi komawa. A gwajin murfi, Gwaggo ko kai ba ta ɗaga sosai ba, ido ɗaya ta buɗe. Tsohon namijin da ya rage mana ya hau ta a tsakiyar damina, bai daɗe ba shi ma ya mutu. Ke nan duk aikin Baba Tumba da nawa yana cikin cikin Gwaggo.

Baba Ishaya ya zo gidan nan a napep, ya sa aka kai shi inda take kwance. Ya ɗora tafin hannu a kan cikinta ya daɗe, ya ce shi ya riga kowa, in ta haihu namijin da ya fi kowa lalaci nasa ne. Ya ce gidan ya yi masa girma tun da Hakimi ya tafi, har magana yake yi shi kaɗai. Ya ce ya fara haɗa ƙyallayen da suka rage a shago yana ɗinka wa kwikwiyon shimfiɗa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kafin Kirsimeti yana da abokin hira.

Ranar da mutanen daji, masu bindigar nan da suka addabi Borno, suka shigo Mubi, da safe ne, ina wanke kwanonin karnuka. Iyalina na riga na tura su Yola. Aka fara jin harbi, ba irin wanda muka saba ji ba, wannan ƙasa ce take amsawa. Kafin ka ce me, titi ya cika, mata da yara a baya, ɗalibai da jakunkuna, kowa na gudu bai san inda za shi ba. Na kwance karnukan gadi na buɗe musu ƙofa, suka fice kamar an jefa su. Na juyo na ga Gwaggo a gindin mangwaro. Wani abu ya fashe can wajen gari har kwanon rufi ya girgiza. Ta ɗaga kai, ta dube ni, ta mayar da kai ƙasa. Raina ya ɓaci, na zage ta, na zagi kaina, don abin da muka yi shekaru muna nema ke nan, ga shi ya fito cif a ranar da ba a son sa.

Na shimfiɗa buhu a baro, na ɗauke ta na ɗora, cikin ya yi nauyi, haihuwa ta kusa. Na jefa galan na ruwa da murfin tukunyar nan don ta sha a ciki, na bi ayarin da ya nufi kudu ta Mugulbu, ana cewa daga can a kama hanyar Maiha. Zagin da na sha a hanyar nan ban taɓa shan irinsa ba. Mutane na ɗauke da 'ya'ya a wuya, ga wani ƙato yana tura karya a baro kamar amarya. Wata mata ta ce in sauke ta in ɗora mata buhun masararta, na ce ta bar masarar. Wani ya ce hauka ne, na ce na ji. Ban tsaya yi wa kowa bayani ba, wa zai saurari labarin kunnuwan baset ana harbi a bayansa?

Bayan mun wuce Mugulbu, rana ta take, akwai wani ƙaramin mayo mai yashi. A bakinsa na ga Hajiya Dudu mai ƙosai, maƙwabciyar Baba Ishaya, tana tsaye tana yi wa wani fifita da gyalenta. Baba ne, zaune a ƙasa. Ta ce napep ɗin da ya ɗauko su mai ya ƙare masa, tun daga can take jan sa yana dafa kafaɗarta, yanzu ƙafafun sun ƙi. Na durƙusa na kira shi. Idonsa a rufe, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Na ba shi ruwa ya sha, na ce Baba yunƙura mu gani. Ya dafa gwiwa biyu, ya yunƙura, ko ɗagowa bai yi ba. Duk shekarun da na yi ina yawo da kujera ban taɓa ganin wannan ba.

Hajiya Dudu ta juyo. Baron kawai ta duba, ta dube ni.

Kada ku ɗauka ban gwada ba. Na kwantar da shi a baron na ɗora masa Gwaggo a kan ƙafafu, tayar ta nutse a yashi, na tura har jijiyar wuyana ta tashi, ko taku ɗaya ba mu yi ba. Na sauke ta na ce ta taka. Ta bi mu a hankali har tsallaken mayon, ta kwanta tana haki, harshe a waje, cikin yana motsi. Na roƙi samari biyu da ke wucewa su ɗauke ta a kafaɗa, ɗaya ya ce shi ba ya taɓa kare, ɗayan ya nuna mini ƙaninsa da ke goye a bayansa. Ban ga laifinsu ba. Harbin kuma yana ƙara matsowa, mutane suna cewa an ga babura a baya.

Akwai wata tsamiya a nan tsallaken. Na ɗauke ta na kai ta inuwar, na kafa murfin tukunya a yashi na cika mata da ruwa. Na ce, "Gwaggo, kwanta." Ta kwanta, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta. Na kama baro na tura. Na waiwaya ina fata ta taso, ko ta yi haushin nan nata guda ɗaya, wallahi da ta yi ban san abin da zan yi ba. Ba ta yi ba. Karen farauta da ya biyo ni ko da jan ciki ne, karen gida da ya shiga ƙauye ya nemi abinci. Ita an ce ta kwanta, ta kwanta. Na yi kuka a hanyar nan, Hajiya Dudu tana tafe a gefena tana riƙe da kan Baba kada ya bugi ƙarfe, ta yi kamar ba ta gani ba.

Da baron nan na kai shi Maiha, daga can wata motar shanu ta kwashe mu har da baron zuwa Belel. Wasu mutane da ba su san mu ba suka ba mu ɗaki, suka yi ta ba shi kunu har ya dawo hayyacinsa. Daga baya ɗansa ya zo ya tafi da shi Yola. Baba bai tambaye ni batun Gwaggo ba a lokacin. Kuma ku ji da kyau, ko yau aka sake, Baba zan ɗauka. Amma duk wanda ya ce mini ai kare ne kawai, ba zan ƙara gaishe shi ba.

Da sojoji suka karɓe gari aka fara komawa, ban fara zuwa gidana ba, tsamiyar nan na fara zuwa. Na samu murfin a kife, yashi ya rufe rabinsa. A tsakanin saiwoyin bishiyar akwai rami marar zurfi, irin wanda karya ke haƙawa in haihuwa ta zo mata, da ɗan jan gashi a manne a jikin saiwa. Ba ƙashi, ba komai. Wani manomi da ke wucewa ya ce a lokacin nan diloli sun yi yawa a wurin, har da rana suke yawo. Ban ƙara tambayarsa ba. Na ɗauki murfina na dawo. Har yau in na bi ta Mugulbu ranar kasuwa sai na tsaya ina kallon karnukan ƙauyen, ko zan ga mai gajerun ƙafafu da kunne a faɗe. Ban taɓa gani ba.

Na zagaya gidajen da na taɓa kai karnuka. Wasu an harbe su, wasu yunwa ta kashe su a ƙofar ɗakin masu su. Na samu biyu da rai, har da na lambun Alhaji, amma me zan yi da su? Da hannuna na fiɗiye su. Na gwada farawa daga karnukan gida, ina sakin murfi ina kallo, to amma abin da ya ci rayuwar Baba Tumba duka, ni da furfura ta riga ta cika mini kai yaushe zan kai? Mutanen da suka dawo kuwa, babu mai son jin zancen kare mai sanyi. Kowa mai cizo yake nema. Su ne waɗannan da kuke ji suna fizgar sarƙa a bayan gida, da su nake ci.

Na ji labarin Baba Ishaya ya dawo, wai ya ce shi ba zai mutu a gidan haya a Yola ba. Na daina bin layin shagonsa, ko kwata zan je sai in zagaya. Wata ranar Asabar da hantsi sai ga napep a ƙofar gidan nan. Direban ya riƙo shi ya shigo da shi, da ƙunshi a hammatarsa. Kafin in ɗauko masa kujera mai baya, ya riga ya sauka a kan ta tsugunnon nan da kake zaune a kai. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi ƙafa. Karnuka na ta haushi a baya, kowane haushi sai na ga kafaɗarsa ta zabura, shi da a da ko tsawa ba ta dame shi. Na ga ba makawa, na ce, Baba, batun kwikwiyon nan. Ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Yakubu, ranar nan idona ne a rufe, ba hankalina ba. Buhun da kuka kwantar da ni a kai, da ɗuminsa na same shi. Har Maiha ina jin warinta. Na san wa aka sauke."

Ya kwance ƙunshin, shimfiɗar ce, ƙyallaye kala-kala, atamfa da shadda da yadin makaranta, ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana. Ya ce a shago ya same ta, ɓeraye ma ba su taɓa ba, in ajiye in shimfiɗa wa wani. Sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunya, ko akwai wani, ko da ruwa biyu ne, ko da tsoho ne, shi dai wanda zai kwanta kusa da shi. Ya ce tun da ya dawo ba ya iya barci, gidan shiru, in kuma ya ji ƙara sai gabansa ya faɗi.

Na tuna duk karnukan da ke bayan gida ɗaya bayan ɗaya. Na so in ce akwai. Sai ya ce bari ya tafi kada ya tsayar da direba, ya dafa gwiwa biyu ya yunƙura. Bai tashi ba. Ya sake, bai tashi ba. Na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan, ya fi ranar baro sauƙi.

Na ce, "Babu, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, tambaya dai ya yi. Na raka shi har napep. Bai ga Kirsimetin shekarar ba. Hajiya Dudu ce ta lura shagon bai buɗe ba har rana ta yi sama, ta sa aka ɓalle ƙofar. Shi kaɗai ne a ɗakin. Shimfiɗar tana nan cikin akwatina, ban shimfiɗa wa kowa ba.

To kai mai alsheshan, tashi. Tashi mana, ai kai ba ka dafa komai. Ɗauki kujerar nan ka tafi gidan tsohuwar jiya, ka ba ta ta zauna, ku yi hira, ka tsaya ka ga yadda za ta tashi. In ka gani, ka karɓo karenka ka dawo da shi tun bai yi ƙarfi ba. Za ta tambaye ka wanne za a ba ta a madadinsa. Ka faɗa mata gaskiya, ka ce babu.